Yadda ake shirya baje kolin zane tsakanin ɗalibai, daga zaman farko har mayar da mabuɗi

Karon farko da muka yi baje kolin zane a Birnin Kebbi, mu 14 ne 'yan aji ɗaya, kuma duk abin da kowa ya kawo sai da muka rataya shi. Har bayan ƙofa mun buga ƙusa. Da malaminmu ya shigo, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya juya sau ɗaya, sai ya ce, "Wagga ai rumfar 'yan koli ta." Bai yi ƙarya ba. Jama'a sun shigo, sun zagaya cikin minti biyar, sun sha zoɓo, sun kama gabansu. Da shekara ta zagayo muka sake yi a wannan ɗakin dai, da ayyukan da ba su kai rabin na farko ba, sai ga mutane suna jan kujera suna zama gaban zane ɗaya. Hannunmu bai ƙware haka cikin shekara guda ba. Abu biyu muka koya a tsakani: faɗa wa aboki "ba wannan karon ba", da riƙe tef ɗin awo.

Ku ba kanku mako takwas. Ku fara sa ranar buɗewa, sannan ku riƙa lissafi da baya-baya.

Zaman farko: ƙa'ida kafin kaya

Ku tara waɗanda za su yi aiki, ku bar masu cewa "a dai saka sunana". Mutum 8 zuwa 15 sun isa. In kun wuce haka kowane zama gardama zai koma, in kun gaza haka kuɗin zai yi muku nauyi. A raba aiki huɗu: masu zaɓe da jeri, ma'aji, mai kula da ɗaki da kayan aiki, sai mai kai labari ga jama'a. Masu zaɓe su zama uku, don in biyu sun saɓa na ukun ya raba. Ma'aji kuwa ku nemi wanda aka sani da riƙo. Wadda ta riƙe mana kuɗi, ko na ruwan leda ne sai ka kawo mata shaida a rubuce. Mun sha yi mata tsiya, amma ranar lissafi ita kaɗai ce ba wanda ya ɗaga wa murya.

Babban aikin wannan zama shi ne rubuta ƙa'ida a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, tun ba wanda ya ga aikin wani. Guda nawa kowa zai kawo (uku ya yi daidai), guda nawa aka tabbatar masa za a ɗauka (ɗaya), ranar ƙarshe ta kawowa, iyakar girman aiki, wa zai biya firam, kaso nawa asusun taro zai cira in an sayar, da abin da za a yi in aiki ya lalace a hannun taro. A kuma rubuta cewa mai zaɓe ba ya yanke hukunci a kan nasa aikin, sauran biyun ne za su yanke masa. Dalilin gaggawar nan a fili yake: ƙa'idar da aka kafa bayan an ga kaya, kowa zai ɗauka shi aka nufa da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne kuma za ku tattauna maganar zanen masu rai, kada ku bar ta sai ranar ratayewa. Mu nan ƙasar malamai ce, kuma akwai baƙin da za su ji daɗin zayyanar allo da zanen kogi amma su kau da kai daga zanen fuska. Ku yanke abin da za ku nuna, ku sanar da masu ɗakin tun wuri. Duk wanda ya zana fuskar mutumin da ake iya ganewa, ya nemi izininsa. In mace ce, ya nemi nata da na gidansu.

Jigo

Jigo shi ne igiyar da za ta ɗaure ayyukan mutum goma su zama magana ɗaya. Ku guji jigo irin "Al'adunmu" ko "Rayuwa", domin ba abin da ba zai shige ciki ba, jigon da kuwa ba ya hana komai shiga ba shi da amfani ga masu zaɓe. Ku ɗauki abu ƙarami da kuka sani da ido. A Kebbi ruwa kaɗai ya isa: fadamun shinkafa, jiragen kwale-kwale a kogin Kwara wajen Yauri, masunta da homa da gora a kogin Matan Fada na Argungu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kowane ɗalibi ya taɓa zana shi, yawanci kuma hoto ɗaya ake maimaitawa: mutum rungume da giwan ruwa. In ruwa ne jigonku, ku tambayi kanku abin da ke faruwa a bakin gulbi sauran kwanakin shekara. Mai gyaran koma, mai ƙyafe kifi, yaran da ke wanki, kwale-kwalen da ya fashe aka bar shi cikin laka.

Kada ku raina kanku don kuna ɗalibai. A 1958 ɗalibai ne a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane da har yau ake karanta tarihinta, cikinsu da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce a haɗa dabarun da aka koya a aji da fasahar gida. Wannan ya shafe ku kai tsaye: in a cikinku akwai mai sassaƙar ƙwarya, mai rini, mai ɗinkin hula, mai dukanci ko mai ginin tukwane, aikinsa na da gurbi a ɗakin daidai da na mai fentin mai.

Ɗaki da rana

Ku kauce wa mako biyun da ke gaban jarrabawa, da kwanakin azumi, da makon da ake tafiya hutu. Game da yanayi, kowane lokaci da matsalarsa. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu akwai sanyi mai daɗin tsayuwa amma ga ƙurar hunturu. Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ba mai tsayawa kallon zane a ɗakin da ba fanka. Da damina kuwa sai kun duba silin, duk inda kuka ga tabon ruwa kada aiki ya kwana ƙarƙashinsa. Ni na fi son hunturu, don ƙura tana da magani.

Ɗakin taro na makaranta, wani sashe na ɗakin karatu, ko ajin da ba a amfani da shi, duk suna yi. Ku rubuta takardar neman izini ta hannun shugaban sashe, ku ambaci kwanaki ukun shiri da kwana ɗaya na kwashewa, ba kwanakin nuni kaɗai ba. A cikin takardar ku tambaya ƙarara ko an yarda a buga ƙusa a bango, amsar kuma ta zo a rubuce. In an hana, ku nemi falankin filawud, wanda ke zuwa da faɗin santimita 122 da tsawon 244. Kafinta ya haɗa bibbiyu da hinji su tsaya kamar buɗaɗɗen littafi, a shafe su da farin fenti, a danne ƙafafun da buhun yashi.

Sai awo. Ku auna kowane bango, ku cire ƙofofi da tagogi. A ce ɗakin mita 12 ne a tsawo, 8 a faɗi, zagayensa mita 40 ke nan. In ƙofofi da tagogi da kusurwoyi sun ci mita 12, saura 28. In matsakaicin zane santimita 60 ne a faɗi, kuka bar masa wata 60 ta sarari, kowane aiki ya ci mita 1.2, wato ɗakin na ɗaukar ayyuka 23. Wannan adadin ku rubuta shi a allo kowa ya gani. Daga baya shi zai riƙa faɗa a madadinku.

Ku je ku gaida mai gadi tun ranar farko. Shi ya san makunnin da ke aiki, da tagar da ba ta kulluwa, da lokacin da ake ɗauke wuta.

Kuɗi

Farashi ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka ku shiga kasuwa da takarda ku tambayo na yau: farin fentin bango, ƙusar kankare, igiya, salatif na takarda, farin kwali, ƙwan lantarki da waya, buga takardu, man janareta, abin sha, kuɗin mota, da ɗan abin hasafi ga mai gadi da mai shara. Ku haɗa jimla, ku ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ku raba da yawanku. Karo-karon ya shigo kafin mako na uku ya ƙare. Neman tallafi ya fi sauƙi in kaya kuka roƙa maimakon kuɗi: mai shagon fenti ya ba da galan ɗaya, mai buga takardu ya yi ragi, ku kuma ku sa sunayensu a takardar gayyata. Alkawarin babban mutum kada ya shiga lissafi sai kuɗin ya shigo hannun ma'aji.

Zaɓe

Nan ne abota ke shan wuya. Mako huɗu kafin buɗewa kowa ya kawo ayyukansa, a karɓa a rubuta a littafi: suna, sunan aiki, girma, da halin da ya zo, ko da ɗan karce ne a gefe. Mai aiki da mai karɓa su sa hannu. A ɗauki hoton kowane aiki da waya a inuwa, gabansa da bayansa.

Sannan kowa ya fita, a bar masu zaɓe uku. A shimfiɗa tabarmi a jikin bango, a jingina ayyukan a kai, a rufe sa hannun masu su da 'yar takarda. Kun san hannun juna, gaskiya ne, amma rufewar tana tuna muku abin da kuka zo dubawa. Aikin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba a ajiye shi ƙasa ko na minti ɗaya, a tanadar masa tebur.

Zagayen farko ku yi shi shiru, kowa da takardarsa. A na biyu ku kasa ayyukan uku: ya shiga, a sake dubawa, ba wannan karon ba. Tambaya uku za ku yi wa kowane aiki. Ya gama nuna, ko an tsame shi daga wuta don rana ta ƙure? Yana magana da jigo, ko suna kawai aka canja masa don ya shige? Akwai wani aikin da ya riga ya faɗi abin da yake faɗa, kuma ya fi shi iya faɗa? Ta ukun ita ce mai zafi, don tana fitar da aiki mai kyau. In mutum huɗu sun zana faɗuwar rana a kan gulbi, ɗaya ko biyu za su shiga, ko da dukansu sun yi kyau. Kason tsakiya ku bar shi ya kwana, ku dawo da safe da sabon ido. In har lokacin kun kasa rabuwa, ku kira malami ya duba waɗannan kaɗai. Kada ku ba shi dukan zaɓen, in ba haka ba baje kolin ya koma jarrabawa.

Sakamako ba a sanar da shi a zauren WhatsApp. Kowa a same shi shi kaɗai, a fara da abin da aka ɗauka, a faɗi dalilin barin sauran da maganar bango da jigo: "Ɗan'uwa, mun ɗauki na gawayin nan. Babban kuma ya yi karo da na wance, ga shi ɗakin ayyuka 23 yake ɗauka." Wani abokina ɗan Yauri ya kawo babban zanen fentin mai da ya ci masa wata biyu, da wani ƙaramin zanen gawayi na tsoho yana ɗinke koma, wanda ya yi a zama ɗaya. Ƙaramin muka ɗauka. Mako guda bai amsa gaisuwata da kyau ba, har yau kuma yana cewa mun yi kuskure. Wani lokaci in na tuna babban zanen nakan ce wataƙila da gaskiyarsa. Amma ya zo ranar ratayewa da gudumarsa, domin da hannunsa ya sa hannu a ƙa'idar.

Firam da ɗauko kaya

Firam iri ɗaya, siriri, baƙi ko launin katako, yana haɗa kan ayyuka mabambanta, ya kuma fi araha in kafinta ɗaya ya yi su gaba ɗaya. Mai ruwan zinari da kwalliya ku bar wa hoton aure. Zanen takarda a zagaye shi da farin kwali mai kauri don kada ya manne da gilashi. Zanen gawayi da na alli a fesa musu maganin kama gari tun a gida. In babu, man fesa gashi na yin aikin, sai dai yakan sa takarda ta yi rawaya bayan shekaru, don haka a fesa kaɗan daga nesa. Zanen fentin mai da bai bushe ba kada ya shigo, ƙura za ta zauna masa har abada.

Kada a ɗauko mai gilashi a kan kabu-kabu. Ku yi shatar Keke Napep ko ƙaramar mota sau ɗaya, a jera ayyukan a tsaye, fuska da fuska, baya da baya, da kwali a tsakani.

Jeri da ratayewa

Kwana uku kafin buɗewa a share ɗaki, a shafa farin fenti. Kashegari a shigo da ayyuka a jingina su ƙasan inda ake zaton za su zauna. Ba a buga ƙusa ko ɗaya sai an gama wannan jerin na ƙasa, kuma za ku sauya shi sau da yawa.

Ku tsaya a bakin ƙofa kamar baƙi. Inda ido ya fara sauka, nan aiki mafi ƙarfi zai zauna, ko na wane ne. Kada ku jera da sunan mai aiki, wato kowa da kusurwarsa kamar rumfunan kasuwa. Ku nemi ayyukan da ke amsa wa juna. Rinannen zane mai shuɗin baba kusa da zanen kogi da dare. Ƙwaryar da aka sassaƙa kusa da zanen da ya ɗauko irin layukanta. Manya biyu masu launi mai ƙarfi kada su yi maƙwabtaka, za su yi ta ihu a kan juna, a sa mai sanyi a tsakaninsu. Ku kuma bar wani yanki na bango ba komai, ido ma yana son wurin hutawa. In kuna da dama ku je gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831 aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, ku lura da yadda aka kasa kaya ɗaki-ɗaki, da yadda ƙafarku ke bin tsarin ba tare da an ja ku ba.

Zayyanar ayoyi a ba ta bango mai tsabta nesa da ƙofar banɗaki da wurin ajiye takalma, kada kuma a rataya wani abu a samanta.

Ga awon da ya gyara mana komai. Tsakiyar kowane zane ta kasance santimita 150 daga ƙasa, wato daidai idon mai matsakaicin tsawo. Tsakiya ake daidaitawa, ba saman firam ba. Ku ja igiya a zagaye ɗakin a wannan tsayin. Daɓen ɗakunanmu ba kasafai yake miƙe ba, don haka ku aro siririn tiyon ruwan nan da magina ke daidaita gini da shi, ku fitar da alamar daga kusurwa zuwa kusurwa. Wurin ƙusa kuma ga lissafinsa: 150, a ƙara rabin tsawon firam, a cire tazarar da ke tsakanin saman firam da igiyar bayansa in an ja ta sama ta miƙe. Firam mai tsawon 80, rabinsa 40, tazarar igiya 10: ƙusa a santimita 180. Mutum ɗaya ya riƙe littafin lissafin nan, ɗaya ya buga, ɗaya ya tsaya nesa yana duba karkata. Manna salatif na takarda a bango kafin a buga ƙusa yana rage fashewar filasta. Duk aikin da ya kai mita ɗaya a faɗi a ba shi ƙusa biyu.

Ƙananan ayyuka a tara su wuri ɗaya da tazarar santimita 5 zuwa 8, a ɗauke su kamar zane ɗaya mai tsakiya a 150. Tukwane da sassaƙa a ɗora su kan akwatin katako mai farin fenti, tsayin kusan mita ɗaya. Turmin da aka kife ma yana yi. Tukunya mai zagayayyen gindi a sa mata gammo, a kuma jefa ƙullin yashi a cikinta don kada gwiwar wani ta tuntsurar da ita. Yadi ba a buga masa ƙusa, a naɗe bakinsa na sama a ɗinke, a zura sanda, a rataya sandar. Tsakanin abin da ke tsakiyar ɗaki da bango a bar aƙalla mita ɗaya da rabi, yadda mai babbar riga zai wuce ba tare da hannunta ya share komai ba.

Haske da ƙura

Hasken rana kai tsaye yana cinye launin fentin ruwa da na rini. Tagar da rana ke shigowa a rufe ta da farin alawayyo, zai tace hasken ya baza shi ko'ina. In za ku sa fitilu, duk su zama launi ɗaya, kada wani fari wani ruwan ɗorawa. Haske ya sauko a karkace kamar digiri 30 daga sama. A ɗakin da silinsa ke mita 3, wannan na nufin fitila ta yi nisan santimita 85 zuwa 90 daga bango. In ta matso ta fitar da inuwar firam, in ta yi nisa gilashi ya riƙa ƙyalli a idon mai kallo. Ku tsara nunin ya tsaya da hasken rana ko an ɗauke wuta, janareta kuma a kai shi can nesa.

Da hunturu ba a share ɗakin da tsintsiya. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma safe da yamma, a goge gilashi da busasshen ƙyalle mai laushi, a rufe tagogin gabas da arewa da dare. Fuskar zanen da ba gilashi mai shi kaɗai ke taɓa ta.

Takardun bayani

Kowane aiki da 'yar takardarsa a hannun dama, duk a tsayi ɗaya: sunan mai aiki, sunan aiki, shekara, kayan da aka yi da su, tsawo da faɗi. Rubutun ya yi girman da za a karanta daga nisan taku ɗaya. Farashi kada ya hau bango, ya zauna a takarda guda a teburin ƙofa. A bakin shiga a manna bayanin jigo, kada ya wuce kalma 150, da Hausa da Turanci, in akwai mai hannun ajami a cikinku ya ƙara da shi don dattawa. Kafin ku buga, ku karanta wa mai gadi. Namu ya saurara har ƙarshe ya ce, "Yaro, mi kuka son hwaɗi?" Muka koma muka zubar da rabinsa. Sunayen mutane kuma a ba kowa ya duba nasa da idonsa, don ba abin da ke ɓata ran mai zane kamar kuskure a sunansa gaban iyayensa.

Gayyata da ranar buɗewa

Sanarwa a Facebook da WhatsApp ta fara mako biyu kafin ranar, da hoton aiki ɗaya mai ƙarfi. Kada a sa ayar Alƙur'ani a takardar da za a raba, don ƙarshenta ƙasa ne. Shugaban makaranta, malamai, hakimi da iyaye kuwa, zumunta a ƙafa take, a kai musu takarda hannu da hannu. Ku gayyaci makarantun sakandare na kusa, ku ba su ranakun tsakiyar mako.

Buɗewa da ƙarfe 10 na safe ko bayan la'asar, a tashi kafin magariba saboda masu komawa nesa. In Juma'a ce, safiyar gajera ce, ku sani. A buɗe da addu'a, jawabi biyu kacal, kowanne minti biyar, sai a zagaya da babban baƙo. In ya makara, a buɗe ƙofa jama'a su fara kallo, a yi jawabi in ya iso. Kowane mai aiki ya tsaya kusa da nasa da jimla biyu a bakinsa, kada ya tare gaban zanen. Zoɓo da kunun aya a waje. Tabon zoɓo ba ya fita daga takarda. A ja layin alli a ƙasa, taku ɗaya daga bango, yara suna girmama shi fiye da tsawa. A ajiye littafin baƙi da biro ɗaure da zare.

Ciniki, tsaro da kwashewa

Kwana biyar zuwa bakwai na nuni sun isa. A yi jadawalin tsaro, mutum biyu a kowane lokaci, a tsara shi da lokutan darasi da na salla. Kullum da yamma a ƙirga ayyuka da littafin karɓa kafin a kulle.

Wanda ya so aiki ya biya rabin kuɗi ga ma'aji, a ba shi rasit, a manna jan ɗigo a takardar bayanin, aikin kuma ya zauna har ranar rufewa ko wane ne mai sayen. Mai tsaro ba ya rage farashin aikin wani, a kira mai shi. A gaya wa mai saye cewa zanen ya saya, haƙƙin buga shi a kalanda ko riga yana nan hannun mai zanen. Kafin a sauke komai a ɗauki hoton kowane bango ba kowa a ɗakin, waɗannan hotunan ne za ku nuna in kuna neman ɗaki ko tallafi a gaba.

Ranar kwashewa kowa ya karɓi nasa ya sa hannu a layin da ya sa ranar kawowa. A zare ƙusoshi da filaya ana murzawa, kada a fizga. A cike ramukan da farin siminti, in ya bushe a bi da ragowar fenti. Ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa a ranar, da rasit a hannu, a raba abin da ya rage ko a bar shi a asusu in an yarda za a sake. A mayar da tiyon magini da tabarmin aro. Sannan mutum biyu su zagaya ɗakin tare da mai gadi ya duba bangon da idonsa, a miƙa masa mabuɗi, ya rubuta ranar da lokacin a bayan takardar izininku.